Motar da Ta Daina Fito

Ku huɗu kun taso kuna cewa Baffanku Isa ne ya kashe mahaifinku. Ban taɓa ce muku ƙarya ne ba, domin shi ne ya ja kunamar bindigar, ina zaune a kujerar gaba ina gani. Abin da nake cewa ƙarya ne shi ne dalilin da aka ɗura muku a kunne, wai a kan gonar fadama ne, wai Isa ya daɗe yana jiran ranar. Na sha ɗauko maganar da baki, amma da na ce "Baffanku" sai Babangida ya miƙe ya ce yana da wani uzuri, sauran kuma ku bi bayansa ɗaya bayan ɗaya kamar an kaɗa ƙararrawar tashi. Na yi shekaru ina koyar da 'yan aji uku, ban taɓa ganin ɗaliban da suka fi ku iya gudun darasi ba. To yanzu auren Maryam, autarku, ya matso, kuma na ji ana ƙus-ƙus cewa za a nemo wani can daga dangina ya zama waliyyinta alhali ƙanin ubanta yana raye. Shi ya sa na zauna na rubuta. Takarda dai ba ta jin haushi in an tashi an bar ta, tana nan har ku dawo.

Sai na fara da motar, don in ba ku fahimci motar ba, ba za ku fahimci komai ba. Babanku ya saye ta ne da ribar masara, 'yar Kwatano ce, fara, mai layin kujeru uku, wadda ake cire na baya a loda buhuna. Muna zaune a cikin garin Birnin Gwari, amma rabin ransa yana ƙauyensu da ke yankin Kazage, inda Isa ke riƙe da gonakin gidan. Motar tana da wata ɗabi'a da ba a san wata mota da ita ba a duk yankin. Da an taka mata wuta sai ta saki wani siririn fito mai tsawo, yana hawa sama yadda gudunta ke ƙaruwa. Yaran ƙauye tun tana bayan rafi suke jin ta, su zubar da abin da ke hannunsu su sheƙo. Har sunan Babanku ya ɓace a bakin mutane, sai dai Mai Fito. Ni kam da fari na ɗauka ciwo ne a injin, na matsa masa ya kai ta wurin Bulus, bakanikensa da ke bayan tasha, ɗan Saminaka, wanda suka saba tun suna samari. Bulus ya buɗe injin ya nuna mini wani ƙarfe mai kama da ƙaramar tukunya, bel na zagaye da bakinsa.

"Malama, wannan ba ciwo ba ne, sufacaja ke nan," in ji shi. "Kin san zugazugin maƙeri? To shi ne wannan. Yana tura wa inji iska da ƙarfi, wuta ta ƙara ci. Shi ke fiton, shi ke ba ta ƙarfi. Injin nata ƙarami ne, in ba don wannan ba ko akuya ba za ta tsere wa ba."

Babanku ya yi ta dariya, har muka isa gida yana ce mini na kai lafiyayya asibiti.

A shekarar da nake ba ku labari dajin ya riga ya lalace. Babangida yana makaranta a Zariya, ku sauran kuna ƙanana, ba ma barinku zuwa ƙauye ko da hutu. Mutanen dajin da babura aka san su, don haka duk ƙauyen da ya ji rugugin babura da yawa ya san abin yi. Sai ga shi da farkon damina sun shiga wani ƙauye maƙwabcin namu da mota, tsakar rana, har da yin hon a bakin gari. Mutane suka ɗauka ma'aikatan lafiya ne, mata suka fito da goyo. Motar ta tsaya, ƙofofi suka buɗe, sauran ba sai na rubuta ba. Bayan wannan aka yi taro a ƙauyenmu ƙarƙashin ɗorawar masallaci, kuma Babanku ne ya fi kowa magana, don shi ne mai zuwa birni, shi ake saurara. Ran nan na bi shi ƙauyen, ina cikin gida amma muryarsa ba ta san katanga ba. Ya ce a rataya tsohon ƙarfen ƙafar mota a bishiya, a ɗora mutum kullum a kan dutsen da ke kallon kwanar shiga gari. Duk injin da ba a san muryarsa ba, a buga ƙarfe, mata da yara su bi ta bayan gari su shige daji. Wani dattijo ya ce to in baƙon kirki ne fa, ba gara a tsaya a gan shi ba? Har yau ina jin amsar da ya ba shi.

"Wanda ya tsaya ya gani ya makara, Baba. Baƙon kirki ya ajiye motarsa a bakin rafi ya tako da ƙafa. Duk motar da ta wuce rafi ta iso kwana ta buɗe ƙofa, kada a jira. Hon kowa na da shi. Mota ɗaya ce ke shigowa garin nan, kuma kun san muryarta. In kun ji fito, ni ne. In babu fito, ba ni ba ne."

Ya juya ga Isa, wanda ya gaji bindigar farauta ta mahaifinsu, irin wadda ake ɗura wa albarushi da guntayen ƙarfe, ya ce masa in ya kuskura ya yi wasa da wannan magana, da shi zai yi. Isa kuwa, ku da ba ku san shi ba, bai taɓa tsallake maganar yayansa ba. Babanku ne ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa tuƙi, shi ya yi masa aure. Ni kuma abokin wasana ne, kamar yadda ake yi tsakanin mace da ƙanin miji. Ba ya shiga gidana bai buɗe tukunya ya ce miyata ta birni ce, ruwa da gishiri da girman kai ba. Ni kuma in ce masa ya je ya wanke kaushin ƙafarsa kafin ya taka mini tabarma.

Da dawa ta yi tsawo har ta fi mutum, motar ta lalace. A hanyar dawowa daga Kaduna ne fiton ya koma ƙara mai ban tsoro, bel ya tsinke, wari ya cika motar, aka jawo ta da igiya zuwa garejin Bulus. Ya duba ya ce sufacajar ce ta ƙame daga ciki, kuma ba gyaran Birnin Gwari ba ne, sai an aika da ita Kaduna an nemo kayanta. Lokacin sayen sabuwar masara ne, Babanku ya ce ba zai iya zama babu mota ba. Bulus ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce akwai dabara. Ya cire sufacajar gaba ɗaya, ya haɗa bututun iska kai tsaye, ya nemo gajeren bel ya sa. Motar ta tashi. Ina wurin ranar da aka je ɗaukarta, don Babanku ya biyo ta makaranta muka tafi tare, kuma na ji gargaɗin da kunnena.

"Malam Garba, na wucin gadi ne fa. Za ta tafi, amma tafiyar tsohuwa. Cikin gari kawai. Kada ka loda mata kaya, kada ka kai ta hawa, kada ka kai ta laka. Ka ji ni?"

"Na ji, likita," in ji Babanku.

Ku lura da abin da Bulus ya lissafa: kaya, hawa, laka. Duk maganar ƙarfi ce. Babu wanda ya yi maganar murya a cikinmu, kuma akwai dalili. Wanda ke cikin motar bai cika jin fiton ba, musamman in gilashi na rufe kuma rediyo na kunne, kamar yadda Babanku ke tuƙi kullum. Fiton na mutanen waje ne. Shi da ya kafa doka a kan fiton, shi ya fi kowa ƙarancin jin sa. A hanyar gida na ce masa motar ta yi wani irin shiru, ya ce ai ta girma ne, ta daina rawar kai. Muka yi dariya, maganar ta wuce.

Ba a yi nisa ba, ranar kasuwa da hantsi, wani mai sayen hatsi ya tsaya da babur a ƙofar gidanmu. Ya biyo ta ƙauyenmu, zai wuce Tsohon Birnin Gwari. Ya ce Isa ya aiko: matarsa Lami tana naƙuda tun jiya, ungozoma ta ce ɗan a gicciye yake, abin ya fi ƙarfinta, Yaya ya taimaka ya zo da mota a kai ta asibiti. A lokacin babu sabis ɗin waya a wannan yankin ko kaɗan, saƙo sai da baki. Babanku ya fita neman wata motar. Ya zagaya tasha, duk direban da ya ji sunan Kazage sai ya girgiza kai, kuma ban ga laifinsu ba. Ya dawo yana gumi, ya ɗauki makulli. Na tuna masa da maganar Bulus, na ce hanyar nan duk hawa ce da laka.

"Babu kaya ai," ya ce. "Ni da ke ne, sai Lami a dawowa. In ta ƙi hawa mu tura ta. Ko so kike in aika wa Isa cewa motar ba ta jin daɗi?"

Na ɗauki zannuwa da fulas na ruwan zafi na shiga. In da yau ne ma, sanin abin da muka sani a lokacin, shiga zan yi.

Tun daga inda muka bar kwalta na san motar ba ita ba ce. Yana taka ta har ƙasa, tana gurnani mai kauri, tana tafiya kamar wadda aka yi wa dole. Ana ta yayyafi, laka ta fantsama ta rufe farin jikinta har gilashin gefe. Muka gangara rafi muka haye, don ɓangaren ƙauye ba shi da tsayi, ɓangaren da muka gangaro ne mai tsayi. Na waiwaya na dube shi na ce anya za mu iya hawa wannan a dawowa? Ya ce Allah na nan. Daga rafi zuwa gari hanya ce siririya tsakanin gonakin dawa, ba ka ganin komai sai ganye hagu da dama. Na sauke gilashi don in sha iska. Abin da na fara lura da shi shi ne babu yara. Kullum a daidai nan suke tarbar mu, suna gudu a gefen mota suna kwaikwayon fiton da bakinsu. Ran nan ko ɗaya. Sai kuma na ji ƙarar ƙarfe daga cikin gari, ana bugawa da sauri ba tsayawa, da muryoyin mata suna kiran sunayen 'ya'yansu.

Na ce, "Malam, ƙarfe ake bugawa. Sun shigo garin ne?"

Ya kashe rediyo. Ya saurara. Na ga fuskarsa ta sauya ta wata irin hanya da ban taɓa gani ba a duk zamanmu, kamar an zare jinin da ke cikinta.

"Mu ake buga wa," ya ce. "Babu fiton."

Mun riga mun iso kwana. Ya taka birki, ya banka ƙofa, ya zura ƙafa waje zai miƙe ya ɗaga hannu ya kira sunan ƙaninsa. Wato ya yi daidai abin da shi da bakinsa ya ce in an gani kada a jira. Na ji ya ce "I—" sai ƙarar ta zo daga kan dutse.

Ban yi ihu ba. Mutane suna cewa na yi, amma ban yi ba. Na zauna ina kallon ƙofar motar da ta huje wuri-wuri, ina kallon hayaƙi fari yana tashi a kan dutsen, kaina ya ƙi haɗa wannan da wancan. Babanku ya zame ya zauna a laka, bayansa jingine da motar, yana duban cinyarsa kamar ta wani ce. Sai da na zagayo na ga yadda jinin ke fita, daga sama kusa da mara. Na ciro ɗankwalina na danna wurin, na ɗaga kai na kira sunan Isa da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Bugun ƙarfen ya tsaya. Daga nan na ji dawa tana karyewa, mutum na gudu ta cikinta ba ta hanya ba.

Ya fito da bindigar a hannu, ya tsaya. Ya dubi motar, ya kai hannu ya share lakar da ke jikinta, farin ya bayyana. Ya dube ni. Ya dubi yayansa. Na ga mutane a cikin tashin hankali iri-iri a shekarun nan, ban taɓa ganin fuska irin ta Isa a ran nan ba, kuma ba na fatan in sake gani. Da ya buɗe baki, abu ɗaya ya yi ta maimaitawa.

"Babu fito, Yaya. Na saurara. Wallahi na saurara. Babu fito."

Daga baya na ji cewa ba ma ranar gadinsa ba ce. Shi ya roƙi mai gadin ya sauka ya ba shi wurin, don daga kan dutsen ne ake fara jin fiton, yana so ya zama na farko da zai ruga ya ce wa Lami ta yi haƙuri, Yaya ya iso. Tun safe yake can cikin yayyafi, kunnensa a kan rafi. Sai ya ji inji mai kauri wanda bai taɓa ji ba ya haye rafi bai tsaya ba, ga matarsa kwance ba ta iya gudu. Ta tsakanin ganyen dawa bai ga komai ba sai rufin mota mai launin ƙasa, da ƙofa da ta buɗe da ƙarfi. Wannan ne mutumin da aka ce muku ya yi kwanton ɓauna saboda fadama.

Babanku ne ya dawo da mu hayyacinmu. Ya ce wa Isa ya ajiye bindigar ya je a ɗauko Lami. Mata biyu sun ja ta zuwa bayan rumbu sun rufe ta da zana, can aka same ta. Aka shimfiɗa ta a kujerar tsakiya, aka kwantar da Babanku a baya inda ake sa buhuna, kansa a cinyata, na ɗaure ƙafar da zane na danne da hannu biyu. Isa ya shiga mazaunin direba. Ya murɗa makulli, motar ta tashi. Maza ƙalilan ne suka biyo mu da gudu, domin yawancin garin yana cikin daji, kuma babu wanda zai fito sai an bi su an kira, haka dokar ta ce.

A rafi abin da Bulus ya faɗa ya same mu. Isa ya ja baya ya taho da gudu, motar ta hau rabin tudun, gurnanin ya yi ƙasa, ta tsaya, ta silalo baya. Ya sake, ta sake. Wannan tudun da take haye shi da buhunan masara tana fito, ran nan ta kasa da mutum huɗu. Mazan suka sa kafaɗa, laka tana zame musu, ƙafafun motar suna juyawa a wuri ɗaya suna watsa musu taɓo a fuska. Ina jin ɗumin jini yana ratsa zanen yana bin yatsuna. A gaba Lami ta daina nishi da ƙarfi, ta koma wani siririn sauti da ya fi nishin ban tsoro. Sai ga wani saurayi da babur, shi kaɗai ne babur da ya rage a garin. Ya ce zai iya ɗaukar mutum ɗaya, da wani a baya ya riƙe shi. Kowa ya dubi bayan motar. Isa ya buɗe ƙofar baya ya sa hannu zai ɗago yayansa.

"Sake ni," in ji Babanku. "Lami za a ɗauka."

"Yaya, jini kake zubarwa."

"Su biyu ne, ni ɗaya. Don ita na zo. Kana so in yi tafiyar banza?"

Isa ya dube ni, yana so in sa baki. Ni ma ina so in sa. Allah ya sani a wannan lokacin da za a bar ni, mijina zan ɗora a babur ɗin, in bar kowa da Allahnsa. Amma na san muryar da ya yi maganar da ita, ba a ja da ita. Aka ɗora Lami, wata ƙanwar mahaifiyarta ta zauna a baya ta rungume ta, babur ya haye ta gefen tudun ya tafi. Isa bai bi matarsa ba. Ya koma ya sa kafaɗa a bayan mota, ya ba wani tuƙin da bai ma iya sosai ba, ana sara rassa ana zubawa ƙarƙashin ƙafafun. Mutane suka fara fitowa daga daji, mata da tsofaffi, kowa ya zo sai ya tsaya ya dafe baki, sannan ya sa hannu. Da yawan hannu aka fitar da ita, kusan ɗaga ta aka yi. Amma rana ta riga ta karkata.

Tsakanin rafi da kwalta ya yi maganarsa ta ƙarshe, kuma saboda ita na rubuta duk wannan. Isa ya karɓi tuƙi, yana taka motar har ƙasa tana ƙin gudu, yana kuka yana roƙonta kamar mutum. Babanku ya buɗe ido ya ce in matso da kunnena, na ce ya yi shiru ya adana ƙarfinsa, ya ce ba shi da abin da zai adana wa. Sai ya ɗaga murya yadda na gaba zai ji.

"Isa. Da ka tsaya ka gani, da na ci mutuncinka a gaban gari. Abin da na ce ka yi ka yi. Ni na manta." Ya huta, sannan ya ce da ni, "Ki gaya wa yaran. Shi ne ubansu yanzu."

Ya yi kalmar shahada, na taya shi. Kafin mu hau kwalta hannunsa ya saki nawa. Ban gaya wa Isa ba, na bar shi yana tuƙi har ƙofar asibiti, don ban san yadda ake faɗar irin wannan ga bayan kan mutum ba.

An yi wa Lami aiki, aka ciro ɗa namiji da rai. Likitar ta ce da an ƙara jinkiri da an rasa su duka. Shi ne yaron da aka sa wa sunan Babanku, wanda kuke wucewa a taron dangi kamar ba ku gan shi ba. Hukuma ta tsare Isa, na je da kaina cikin takaba na faɗi abin da na gani, dattawan gari suka faɗi nasu, aka sake shi. Maganar fadama kuwa a zaman makoki aka haife ta, daga bakin mutanen da ba su taka ƙauyen ba a shekarar. Babangida ya iso daga Zariya bayan an yi jana'iza, kuma su ya fara ji kafin ni. Ina cikin ɗaki ba na iya haɗa kalma biyu, su kuwa suna waje bakinsu lafiya lau. Fadamar da ake magana, Isa ya ci gaba da noma ta yana aiko mana da shinkafar har shekarar da garin ya tashi gaba ɗaya. Kun ci ta, ba ku tambayi daga ina take ba.

Ana cikin zaman makokin Bulus ya zo gaisuwa. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya kasa ɗaga kai, ya ce sufacajar ta iso daga Kaduna, an gyara ta, yana tambaya ko ya mayar. Na ce ya mayar ya sayar da motar, kada in sake ganinta. Na manta ban ce kada in sake jin ta ba. Wani ɗan kasuwa a garin ya saya. Wata rana da la'asar, ban gama takaba ba, Isa ya zo ya zauna a zaure kamar yadda yake yi kullum, sai fiton ya taso daga bakin titi, siriri, yana hawa. Maryam, ke kina ƙarama, kika ruga ƙofa kina cewa Baba ya dawo. Ni tsintar kaina na yi a tsaye, da ludayi a hannu. Da na leƙa zaure na ga Isa ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, goshinsa a ƙasa. Bayan wannan ne na kwashe ku muka koma Kaduna. Tun daga ranar rafi har yau bai sake buɗe mini tukunya ya zagi miyata ba. Yana gaishe ni a durƙushe kamar surukarsa, kuma wannan ma rashi ne da ba wanda ya yi mini ta'aziyyarsa.

Ban ce ku daina jin zafi ba, ni ma ban daina ba. Amma saƙo aka ba ni in isar, na yi ta bin ku da shi kuna guduwa, kuma ba na so in je in tarar da mai saƙon ban isar ba. Baffanku ne zai ba da auren Maryam. Na aika masa, ya ce ba zai zo ya ɓata wa yara ranar farin cikinsu ba, sai in Babangida ne ya kira shi da bakinsa. Yanzu akwai sabis a inda yake zaune. Lambarsa tana cikin wayata, wayar kuma tana kan firji inda nake ajiye ta kullum.